Baudilio da Karkatacciyar Kwakwa

Ranar da takarda ta iso garin Santa Rufina daga ofishin kula da kamun kifi na birni, cewa a turo mutum ɗaya ya yi bita ta kwana tara, ba a ɓata lokaci wajen shawara ba. Lokacin kifi ne, teku ya kwanta, babu masuncin da zai ajiye fatsarsa kwana tara don ya je ya zauna a kujera ana nuna masa hoton kifi a bango. Aka duba hagu aka duba dama, ana neman wanda in ya yi tafiya garin ba zai ji a jikinsa ba. Ido duk ya sauka a kan Baudilio Cantillo.

Baudilio dogo ne siriri, wuyansa ya ɗan ranƙwafa gaba, shi ya sa tun yana yaro ake ce masa Zalɓe. Kullum kuwa yana tsaye a bakin ruwa, sai dai shi zalɓen gaskiya yakan kama kifi. Sau ɗaya Baudilio ya taɓa shiga kwale-kwale, ba a yi nisan jifa ba ya amayar da abincin safe har da na jiya. Ya gwada sayar da ƙanƙara, ta narke. Ya gwada gyaran rediyo, garin ya yi wata uku ba ya jin labarai. Matarsa Casimira ce ke riƙe da gidan da kaskonta na suyar kifi, shi kuma yana riƙe da baki.

Da kwanakin suka cika ya sauko daga mota sanye da farar riga, da hula mai hoton kifi, da usur a wuya, da rula a aljihu, ya rungumo takardar shaida a cikin gilashi. Masunta na ƙarƙashin bishiya suna wasan domino. Nicanor, wanda shi ne uban baftismar 'yar Baudilio, don haka suke kiran juna kompadre, ya ɗago kai.

"Kai, Zalɓe! Aure ka ƙaro a birni?"

"Daga yau Dokta Cantillo za ku riƙa cewa."

"Dokta? A kwana tara?"

"Kwana tara da yini guda, kompadre. Sau uku ake ba mu abinci, ban da gahawa da biskit na hantsi. An ƙara mini ƙwarewa."

"An ƙara? A kan wacce?"

Aka bushe da dariya. Baudilio bai kula ba. Ya gyara tsayuwa ya sanar da su cewa nan da kwana talatin shugabar ofishin, Dokta Yolima Barraza, za ta zo da kanta. In ta tarar garin ya ware wani yanki na teku inda za a bar kifi ya hayayyafa, kuma da amincewar masunta, za a tabbatar masa da aiki, a ba shi jirgi mai inji. Gaskiyar magana, jirgin bai dame shi ba, tsoronsa ma yake ji. Abin da ransa ke so shi ne aikin. Shekararsa arba'in da shida ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai ba, ko a kan gishirin miya, kuma wannan abin yana ci masa rai.

Washegari da hantsi, da kwale-kwalen suka dawo, suka tarar da shi a gaɓa da rula a hannu. Ya busa usur har karnuka suka watse. Ya fara da kwandon Don Tiburcio, dattijon da ya fi kowa shekaru a kan ruwa. Ya zaro kifi ɗaya, ya shimfiɗa shi a kan rula, ya girgiza kai.

"Wannan yaro ne, Don Tiburcio. Saura yatsa biyu ya balaga. A mayar da shi wurin uwarsa."

"Ya mutu tun asuba, ɗana."

"Doka ba ta ce mai rai ko matacce ba."

Ya wurga kifin cikin ruwa. Bai ko nutse ba wani tsuntsu kwasakwasa ya sauko ya haɗiye shi. Baudilio ya wurga na biyu, wani ya cafe a sama. Kafin sati ya zagayo tsuntsayen sun gane ƙarar usur. Da ya busa sai su taso daga kowace kusurwa su jeru a bayansa, suna binsa duk inda ya nufa, har ƙofar coci. Ranar da ya kai rular cikin kaskon Casimira zai auna wani kifi da ke tsakiyar soyuwa, ta ɗaga matsami ta nuna shi da shi.

"Baudi, in ka sa wannan katakon a cikin maina, kai zan auna, in mayar da kai wurin uwarka."

Sai ya koma kan babban aikin. Ya tara masunta a ƙarƙashin bishiya, ya baje taswira, ya ce kowa ya nuna masa inda yake samun kifi.

To, a nan ya taka wurin da ba a takawa. Teku ba shi da kwana ba shi da mararraba. Masunci yana gane wurin kifinsa ne da alama: ya juyo ya dubi tudu, ya saita abu biyu da ke ƙasa, in ɗaya ya hau kan ɗaya daidai, ya san ya zo, sai ya saki fatsa. Alamar nan gado ce. Uba yakan raɗa wa ɗansa ita in ya ji ƙarfinsa ya fara ƙarewa, bayan ya sa an rufe ƙofa. A Santa Rufina tambayar mutum alamarsa rashin kunya ne, in kuma an tambaye ka, ladabi shi ne ka yi ƙarya da fara'a. Baudilio ɗan garin ne, amma ubansa aski yake yi, babu wanda ya taɓa raɗa masa komai.

Don Tiburcio ya ɗora yatsa a gabas. Wani ya nuna yamma. Wani ya nuna wani wuri da in aka duba da kyau gonar rogo ce. Nicanor ya jawo Baudilio gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Kai kaɗai zan gaya wa, kompadre, saboda 'yarmu. Ka ga can bayan bakin rafi? Kifi har tuntuɓe suke da juna."

Wurin fili ne na yashi, ko kaguwa ba ta kwana a can. Baudilio ya rungume shi, har idonsa ya kawo ruwa.

Ya bi gida gida ya aro jarka goma sha biyu a wurin mata, ya shafa musu fenti ruwan ɗorawa, ya rubuta wa kowace BA A KAMUN KIFI A NAN. Ya ɗaura musu igiya. Da yake duwatsun kirki sun fi ƙarfinsa, sai ya ɗaura rabin bulo a ƙarshen kowace. Nicanor ya ɗauke shi a kwale-kwale. Tun kafin su wuce inda igiyar ruwa ke karyewa, Dokta Cantillo ya kwanta a gindin jirgin, hularsa a kan fuska, daga can ƙasa yake ba da umarni.

"Mun iso?"

"Tukuna."

"Jefa ɗaya duk da haka. Wayyo cikina. Jefa biyu."

Da gari ya waye, yankin da aka ware wa kifi ya iso gaɓa da kansa. Jarkokin goma sha biyu suna jere a kan yashi gaban coci, kowace tana jan rabin bulonta. Matan gari suka fito kowace ta gane tata ta ɗauka, suna murna an yi musu fenti kyauta.

Da wani mutum ne, da ya karaya. Baudilio kuwa ya tsaya ya dubi tekun da raini, ya ce ai dama ruwa ba shi da alƙawari. Doka a ƙasa za a kafa ta, inda ba za ta yi iyo ba. Ya ɗaga kai ya dubi tudun da ke bayan gari. A can ƙololuwa akwai wata tsohuwar bishiyar kwakwa ita kaɗai, doguwa, ta karkata hagu. Nan take dabara ta faɗo masa: a sare ta, a kafa ƙaton allo a gurbinta, wanda duk jirgin da ke kan ruwa zai hango.

Da ya faɗa wa Casimira, ta ajiye wuƙar da take fere kifi da ita.

"Kar ka taɓa kwakwar nan, Baudi."

"Wa ya yi bita, ni ko ke?"

"Ka tsaya in gaya maka dalili."

"Ba a ce mu nemi dalili a wurin masu suya ba."

An ce kuwa. An ware yini guda cur a bitar kan cewa a tambayi mata, amma bayan abincin rana aka yi darasin, kuma ɗakin akwai sanyin na'ura mai daɗi. Casimira ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da aiki.

Ya sake tara masunta ya sanar da su. Wanda ya ɗaga domino zai buga ya tsaya da hannu a sama. Abin da Baudilio bai sani ba shi ne, in kana kan ruwa ka saita kan karkatacciyar kwakwar nan da gicciyen da ke saman coci, sa'an nan jar katangar maƙabarta ta leƙo daga bayan tsibiri, to kana kan wani dutse na ƙarƙashin ruwa da jan kifi ke taruwa. Duk kifin kirkin da Santa Rufina ke ci daga nan yake fitowa. Kuma kowane mutum da ke zaune a wurin ya yi imani har zuciyarsa cewa sirrin ubansa ne shi kaɗai. Sauran da yake tararwa a can kullum, ai ɓarayi ne 'ya'yan ɓarayi, iyayensu ne suka bi bayan nasa uban suka gano. A kan haka Don Tiburcio da mahaifin Nicanor suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji.

Yanzu ga shi za a sare bishiyar, kuma duk wanda ya buɗe baki ya tona asirin gidansu. Don Tiburcio ya yi gyaran murya.

"Ɗana, bishiyar nan tana da inuwa."

"Inuwar kwakwa? Ko akuya ba ta isa. Kuma yaushe rabonka da hawa tudun?"

Nicanor ya share gumi. "Kakata ta ce akwai fatalwa a gindinta."

"Sai ta koma ƙarƙashin allo, ya fi faɗi."

"Tsuntsaye fa?" in ji wani daga baya.

"Tsuntsayen garin nan duk a bayana suke, ka duba ka gani." Ya ɗaga hannu kamar yadda ya ga malamin bita yana yi. "An koya mana a ji ta bakin jama'a. Don haka ina tambaya: akwai wanda bishiyar nan ke yi wa wani amfani? Ya tashi ya faɗa a gaban kowa."

Kowa ya saci kallon na kusa da shi, kowa ya ga ana satar kallonsa, kowa ya mayar da ido kan yatsun ƙafarsa. Baudilio ya zaro biro ya rubuta cewa jama'a sun amince baki ɗaya.

Ranar Asabar ya ari gatari ya hau. Tun safe yake sara har rana ta take, hannunsa duk ya yi bororo. A ƙasa maza sun tsaya a ƙofar gidajensu suna kallo, wani har ya cire hula. Da bishiyar ta faɗi, kwakwa ta ɓalle ta gangaro cikin gari tana kora aladu. Ya haɗa kwanon rufi uku ya yi allo, ya rubuta dokarsa da manyan baƙaƙe, ya kafa. Allon ya tsaya awa biyu. Da iskar la'asar ta taso, wadda duk ɗan garin ya san ba ta barin ko wanki a kan tudun nan, ta ɗauke shi cak, ta yi sama da shi, ta dire shi a kan akurkin kajin fada, limamin cocin garin. Fada ya fito ya duba, ya ce wata uku ke nan yana roƙon Allah rufi, kuma ba shi da hurumin mayar da abin da ya sauko daga sama.

Litinin kwale-kwale suka fita. Kowane masunci ya juyo ya dubi tudu, ga gicciye, ga katanga, amma inda kwakwa take sai sarari. Suka yi ta zagaye a wuri ɗaya, suna wuce juna, kowa na yi kamar hanya ce ta biyo da shi.

"Nicanor, me kake nema a nan?"

"Iska nake sha, Don Tiburcio. Kai fa?"

"Jirgin nake motsa wa jini."

Dutsen bai fi filin ƙwallo ba, teku kuwa teku ne. Suka saki fatsa a kan yashi, suka jawo ciyawa. Rana ta farko aka dawo da 'yan ƙanana da ba su cika kwando ba. Ta uku ma haka. Kafin kwana goma garin ya koma cin shinkafa da kwakwa gaya, kwakwar ma ta marigayiyar ce. Kaskon Casimira ya yi sanyi har kyanwa ta kwanta a ciki. Tsuntsayen Baudilio suka gaji da bin usur ɗin da ba ya kawo komai, suka koma wani gari.

Shi kuwa gogan ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna. Yana zagaya gaɓa hannu a baya, yana leƙa kwanduna.

"Kun gani? Allon ko kwana bai yi ba, amma kwarjininsa ya isa. A duk faɗin gaɓar ƙasar nan babu jami'in da ya rage kamun kifi kamar ni."

Nicanor ya ɗaga filafilin tuƙa jirgi zai sauke masa a ka, ya tuna baftisma, ya ajiye.

Ranar talatin Dokta Yolima ta iso a farar mota. Mace ce gajera mai gilashi, ba ta da yawan magana, ta yi shekaru tana yawon garuruwan gaɓa har ta san ƙaryar masunta kala-kala. Aka jera kujeru a gaban coci, gari duk ya fito. Aka kawo mata abinci, shinkafa da soyayyar ayaba da kifin gwangwani. Ta dubi farantin, ta dubi tekun da ke gabanta taku ashirin.

Baudilio ya miƙe, ya busa usur, ya fara jawabi. Ya yi bayanin yadda ya tarar da garin cikin duhu. Ya ce shi da teku sun fahimci juna. Yana cikin haka wata mata ta zo zuba wa baƙuwa ruwan wanke hannu daga wata jarka ruwan ɗorawa. Dokta Yolima ta karkata kai ta karanta abin da ke jikinta.

"Malam Cantillo, wannan fa?"

"Wayar da kai ne, ranki ya daɗe. Mun shigar da saƙon har cikin gidaje."

"Na ga kun kai shi har wurin kaji." Ta nuna akurkin fada da haɓa. "To ina yankin da kuka ware?"

Ya miƙa dogon hannunsa ya share rabin teku da shi. "Daga can zuwa can."

Ta juya ga masunta. Ta ga fuskoki a bushe, ta ga idanu sun faɗa. "Ku kuma, kun amince da wannan?"

"Baki ɗaya," in ji Baudilio. "Ga shi a rubuce."

"Ba kai na tambaya ba. Baba, kai ne babba a nan. Yaushe rabonka da kama kifi?"

Don Tiburcio ya miƙe a hankali. Kwana goma sha huɗu ke nan jikokinsa na tambayarsa kifi. Ya yi ta kokawa da rantsuwar da ya yi wa ubansa shekara hamsin da suka wuce, har yunwa ta yi nasara.

"Ya sare mini kwakwa!" Muryarsa ta fashe. "Kwakwar ubana! Da ita nake saita gicciye, in jira katangar maƙabarta ta leƙo. Allah ya gafarta mini, Baba, na faɗa!"

Nicanor ya yi tsalle har kujerarsa ta kife. "Ta ubanka? Kwakwa da gicciye alamar kakana ce! Ubanka ne ya bi shi a baya!"

"Ƙarya kake, ɗan ɓarawo!"

"Ku dakata," in ji wani. "Kwakwa da gicciye? Ai wannan tamu ce, a kan gadon mutuwa aka ba ni!"

"Ni ma!"

"Mu har rufe taga aka yi!"

Wuri ya kaure. Maza talatin suna nuna juna da yatsa, kowa na kiran sunan mamacinsa. Baudilio ya busa usur, babu wanda ya ji. Sai da Casimira ta ɗauki matsami ta buga a gindin kasko sau uku aka yi shiru.

"Kun gama? Mu mata mun fi shekara arba'in da sanin dutse ɗaya ne. Mu ke fere kifin. Iri ɗaya, girma ɗaya, abu ɗaya a cikinsa. Kuna ta rufe ƙofa kuna raɗa, mu muna tsakar gida muna dariya. Babu dai wanda ya tambaye mu." Ta harari mijinta. "Wani ma na ce ya tsaya ya ji dalili."

Dokta Yolima ta cire gilashinta tana goge ido, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta samu numfashi ta ce shekara shida ofishinta na neman inda jan kifin wannan gaɓa ke taruwa ya yi ƙwai, duk wanda ta tambaya sai ya nuna mata gonar rogo. In har gari guda dutse ɗaya yake ci, to dutsen nan ne abin tsarewa, watanni biyu na ƙwai a bar shi ya huta, in ba haka ba jikokinsu gwangwani za su gada. Masunta suka yi gunaguni, amma sati biyu na shinkafa gaya ya riga ya yi musu bayani.

"Ku kai ni in gan shi," in ji ta. Ta fito da wata 'yar na'ura mai gane wuri a kan ruwa. "In na tsaya a kansa sau ɗaya, wannan za ta riƙe."

"Da me za mu kai ki?" in ji Don Tiburcio. "Babu kwakwa."

Casimira ta dubi tudu, ta sauko da ido kan mijinta, ta bi shi da kallo tun daga takalmi har hula.

"Bishiyar nan dai doguwa ce, siririya, ta karkata, kuma ba wani abin kirki take haifa ba. Ina da irinta a gida."

Baudilio ya ja da baya. "Casimira, ni jami'in gwamnati ne."

"Yau gwamnati za ta yi amfani."

Maza huɗu suka raka shi tudu, ba don girmamawa ba. Suka ɗora shi a kan kututturen, suka cire masa farar rigar suka ɗaura a kan doguwar gora, suka damƙa masa. Don Tiburcio daga ƙasa yana ta ihu da alamar hannu.

"Ka karkata hagu! Hagu, Zalɓe! Ita ba a miƙe take ba! Ƙara! Yauwa, kar ka motsa!"

Kwale-kwale goma sha bakwai suka fita da baƙuwa a na gaba. Awa uku Baudilio yana tsaye a karkace, ba riga, iska na neman tafiya da shi, rana na gasa masa haƙarƙari. Sau ɗaya tururuwa ta cije shi ya sunkuya ya sosa, jirage goma sha bakwai suka kauce tare, zagin da ya taso daga teku har tudu aka ji shi. Da la'asar suka dawo, kwanduna cike da jan kifi. Kaskon Casimira ya ɗau wuta, gari ya cika da ƙamshi.

Kafin ta shiga mota Dokta Yolima ta karɓi usur da rula daga hannunsa. Ta ce maganar tabbatar da aiki babu ita, jirgi kuma ƙungiyar masunta za a ba, in Casimira ta yarda ta shugabance ta. Baudilio ya tsaya da takardar shaidarsa a hammata, wuyansa ya ƙone, ya rasa inda zai sa idonsa. A ranar kam ya ba kowa tausayi.

"Na'urar fa, ranki ya daɗe?" in ji Nicanor. "Ki bar mana ita."

"Guda ɗaya ce a ofis. Zan rubuta a aiko muku da taku, da zarar kwamiti ya zauna."

Shekara uku ke nan kwamiti bai zauna ba. Wani baƙo ya taɓa tambaya me ya hana a haƙa rami a kafa gorar da siminti a huta. Aka ce masa iska. Da ya matsa, Don Tiburcio ya gaya masa gaskiya: in aka kafa gora, Baudilio zai sauko, in ya sauko kuma zai nemi wani aikin ya yi wa gari.

Don haka kullum da sassafe Baudilio na hawa tudu da gorarsa, ya karkata hagu har jirage su saki fatsa. Kowane kwale-kwale na ajiye masa kifi ɗaya. Watanni biyu na ƙwai, in ƙungiya ta ce a rufe dutse, sai ya zauna a gida, kuma babu mai iya satar hanya ko da ya so. Bakinsa kuwa bai mutu ba. Duk wanda ya sauka daga mota sai ya tare shi.

"Ka ga garin nan? Babu mai cin kifi sai na tashi tsaye. In na zauna, teku ya rufu."

Abin haushin shi ne, karo na farko a rayuwarsa, gaskiya yake faɗa.

Casimira ta dasa sabuwar kwakwa a gefen kututturen, aka ce sai ta shekara goma sha biyar kafin a hango ta daga ruwa. Baudilio ya yi lissafi ya ga ranar da ta kai, shi ya sauka daga mulki. Tun daga lokacin yake hawa da 'yar jarka ruwan ɗorawa a ɓoye cikin buhu, cike da ruwan teku, yana tuttula mata a gindi don ta bushe. Gari duk an sani, kuma an haɗa baki an yi shiru. Da ubansa masunci ne ko manomi, da ya raɗa masa cewa babu abin da kwakwa ke so kamar gishiri. Bana har ta wuce kafaɗarsa.